Tafi-da-gidanka: Yadda Amurkawa mazauna mota ke neman abin sakawa a bakin salati

Akwai Amurkawa masu yawan gaske da ba su da wani gida illa motar da suke tuƙawa. A cikinta suke kwana, a cikinta suke girki, da ita kuma suke bin ayyukan ɗan lokaci daga wannan jiha zuwa waccan. Shin ta ina kuɗi ke shigo musu, kuma me ke faruwa ranar da jiki ko inji ya gaza?

A duk watan Janairu, garin Quartzsite da ke cikin hamadar jihar Arizona a kudu maso yammacin Amurka yakan cika maƙil da baƙi. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta nuna cewa mazaunan garin na dindindin ba su kai mutum 2,500 ba, amma a lokacin hunturu dubban ɗaruruwan mutane ke bi ta cikinsa, kuma akasarinsu ba sa neman masauki, domin da ɗakunansu suke zuwa.

Wasunsu na cikin manyan motoci masu kama da bas, waɗanda aka ƙera su da gado da madafa da banɗaki. Wasu kan jawo ɗakin ne a bayan a-kori-kura. Wasu kuwa tsohuwar motar ɗaukar kaya ce suka shimfiɗa wa katifa, akwai ma waɗanda ƙaramar motar shiga ce kawai aka cire mata kujerar baya aka yi makwanci.

A cikin baƙin akwai masu hali, wato 'yan fansho da suka gudo wa sanyin jihohin arewa, waɗanda da zarar yanayi ya sassauta za su koma gidajensu. To amma akwai wani rukuni da ba shi da inda zai koma. A shekarar 2018 ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera motocin kwana a Amurka ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan ɗaya ne ke zaune a cikin irin waɗannan motoci duk tsawon shekara.

Rayuwar da yawansu ta yi kama da ta ɗan ci-rani, sai dai da bambanci guda mai muhimmanci: ɗan ci-rani yana da garin da zai koma idan damina ta faɗi, su kuwa daga wannan aiki sai wancan.

Lissafin da ya fitar da su daga gida

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, akasarin waɗannan mutane ba don su ƙara samu suka hau hanya ba. Sun hau ne domin su rage abin da suke kashewa, musamman kuɗin haya.

Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka sun nuna cewa a shekarar 2023 matsakaicin kuɗin hayar gida, haɗe da na wuta da ruwa, ya kai kimanin dala 1,400 a wata. Wata cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar Harvard kuma ta gano cewa a 2022 rabin masu zaman haya a ƙasar, wato iyalai sama da miliyan 22, suna kashe fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu a kan muhalli kawai.

Idan aka dubi abin da ke shigowa kuwa, mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta ƙayyade shi ne dala 7.25 a awa ɗaya, kuma tun watan Yulin 2009 yake a haka, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. Fanshon gwamnati da tsohon ma'aikaci ke karɓa a farkon 2024 ya kama kimanin dala 1,900 a wata idan aka yi kan-kan-kan. Wanda larura ta sa ya fara karɓa tun yana ɗan shekara 62, ba tare da ya jira cikar shekarun ritaya ba, ana iya zaftare masa har kashi 30 cikin 100, kuma haka zai ci gaba da karɓa har ƙarshen rayuwarsa. Mata da yawa da suka yi shekaru suna rainon 'ya'ya, ko suna ayyuka masu ƙaramin albashi, abin da suke samu bai ko kusanci wancan adadi ba.

Ga mai irin wannan samu, idan ya biya haya abin da zai rage ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Idan ya cire haya daga lissafi kuwa, ɗan abin da yake samu zai iya riƙe shi, matuƙar ya samu aikin 'yan watanni da zai cike giɓin man fetur da gyaran mota da inshora.

Karayar tattalin arziki ta shekarar 2008 ta jefa mutane da dama cikin wannan lissafi, bayan da miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu saboda gaza biyan bashin banki, wasu kuma ajiyarsu ta tsufa ta narke a kasuwar hannun jari. 'Yar jarida Jessica Bruder ta shafe kimanin shekara uku tana bin irin waɗannan mutane, ta kuma wallafa littafi mai suna Nomadland a 2017. Fim ɗin da aka yi daga littafin ya samu lambobin yabo na Oscar guda uku a 2021, kuma ta hanyarsa ne mutane da yawa a wajen Amurka suka fara jin labarin.

Sai dai yawon neman aiki ba baƙon abu ba ne a tarihin ƙasar. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865 an yi ma'aikatan da ke laɓewa a taragun jirgin ƙasa suna bin gonaki da ma'adinai. A shekarun 1930 kuma fari da guguwar ƙura sun kori dubban iyalai manoma daga Oklahoma da maƙwabtanta zuwa gonakin Kalifoniya. Abin da ya bambanta na yanzu shi ne yawan masu furfura a cikinsu.

Gadin zango a lokacin zafi

Shekarar mazaunin mota a kan jadawali take tafiya, kuma kowane lokaci da irin aikinsa.

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da makarantu ke hutu, Amurkawa kan fita shaƙatawa a gandun daji da bakin tafkuna, inda aka tanadi zangon kafa tanti da ajiye motoci. Kowane zango na buƙatar wanda zai zauna a cikinsa dare da rana. Shi ne zai karɓi kuɗin shiga, ya wanke banɗakuna, ya kwashe toka daga murhu, ya ja kunnen masu hayaniya da dare, ya kuma sa ido kada wani ya bar wuta ta kama daji.

Biyan wannan aiki iri biyu ne. A zangon da ke hannun gwamnati kai tsaye, galibi aikin sa-kai ne: a ba mutum wurin ajiye motarsa kyauta, wani lokacin da wuta da ruwa, shi kuma ya yi aikin wasu awoyi a mako. A zangon da aka ba kamfanoni kwangilar gudanarwa kuwa ana biyan kuɗi a kan awa, wanda sau da yawa bai wuce mafi ƙarancin albashin jihar da kaɗan ba.

Waɗanda suka daɗe a harkar sukan shawarci sababbin shiga da su yi lissafi kafin su amsa. Alal misali, idan kuɗin wurin ajiye mota dala 600 ne a wata, aka ce mutum ya yi aikin awa 20 a mako a madadinsa, to ya sayar da awarsa ke nan a kan kimanin dala bakwai, kuma ko sisi ba zai shiga aljihunsa ba. Ƙorafin da ya fi yawa kuma shi ne, mai gadin zango ba ya tashi daga aiki, domin ko da tsakar dare baƙo na iya ƙwanƙwasa masa ƙofa, alhali awoyin da aka rubuta masa ƙayyadaddu ne.

Wannan kasuwar aiki ta daɗe har ta samu mujallarta. Tun 1987 aka kafa Workamper News a jihar Arkansas, wadda babban aikinta shi ne haɗa masu neman ma'aikatan ɗan lokaci da mazauna mota. Baya ga zango, akan nemi masu aiki a wuraren wasan yara da shagunan tsaraba da gidajen abinci da ke kusa da wuraren yawon buɗe ido.

Bin girbi

Akwai kuma masu bin amfanin gona. Alkama takan fara nuna ne a jihohin Teksas da Oklahoma a watan Mayu, sannan ta yi ta nuna zuwa arewa, ta Kansas da Nebraska har jihohin Dakota da Montana a kan iyakar Kanada. Ayarin masu injunan girbi kan bi ta a baya watanni, suna girbe wa manoma a biya su, ma'aikatansu kuma na kwana a ɗakunan da ake ja da mota. Wannan aikin matasa ne, kuma da yawa daga cikinsu baƙi ne, ciki har da 'yan Afirka ta Kudu da ke shiga ƙasar da bizar aikin gona ta ɗan lokaci.

Girbin da ya fi shahara a wurin mazauna mota shi ne na wata shuka da ake kira bit, wadda saiwarta ke kumbura kamar doya, kuma daga cikinta ake fitar da fiye da rabin sukarin da Amurka ke samarwa. Cibiyar nomanta ita ce kwarin kogin Red River da ya raba jihohin Minesota da Dakota ta Arewa, inda kamfanin American Crystal Sugar, mallakar manoman yankin, ke da masana'antu biyar.

Babban girbin yakan fara ne ranar 1 ga Oktoba, kuma tilas a kammala shi cikin 'yan makonni kafin ƙasa ta daskare. Saboda haka ba dare ba rana ake yi. Manyan motoci na jigilar amfanin daga gona zuwa filayen tarawa, inda ake jibge shi tsibi-tsibi kamar tsauni, sanyin hunturu ya adana shi har masana'antu su gama sarrafa shi bayan watanni. Ma'aikatan ɗan lokaci su ne ke nuna wa direbobi inda za su tsaya, su ɗebi samfur a buhu domin a auna yawan sukarin da ke ciki, su kuma share taɓon da ke zuba a ƙarƙashin injuna.

Awa 12 ake yi a tsaye, a fili, cikin iska mai sanyin da kan kai ga ƙanƙara. Abin da ke jawo mutane shi ne kuɗin ƙarin lokaci, domin a shekarun 2010 masu ɗaukar ma'aikata sun riƙa tallar cewa mutum na iya tashi da dala 2,500 cikin mako biyu, ga kuma wurin ajiye mota kyauta. Sai dai komai ya dogara ga yanayi. Idan rana ta yi zafi akan dakatar da aiki don kada amfanin ya ruɓe a tsibi, haka ma idan ruwan sama ya hana motoci shiga gona, kuma aikin mako biyu na iya komawa na wata guda.

Sito-siton Amazon

Daga girbin bit, shekaru da dama ayarin kan zarce ne zuwa manyan sito-siton kamfanin Amazon. Watanni ukun ƙarshen shekara su ne lokacin da cinikin kamfanin ke ƙaruwa sosai saboda sayayyar Kirsimeti, alhali wasu daga cikin sito-siton suna ƙananan garuruwa ne da ba su da isassun ma'aikata. A 2008 kamfanin ya gwada ɗaukar mazauna mota a garin Coffeyville na jihar Kansas, abin da daga baya ya zama shirin da aka sani da CamperForce, ya kuma bazu zuwa wurare irin su Campbellsville a Kentaki da Fernley a Nebada.

Tsarin ya yi wa kamfanin daidai. Ma'aikatan da gidajensu suke zuwa, dattawa ne da suka san darajar zuwa aiki a kan lokaci, kuma da zarar an gama hada-hadar ƙarshen Disamba sai su tayar da motocinsu su yi gaba. Kamfanin kan biya kuɗin zango, da albashin awa, da ɗan ƙarin lada ga wanda ya jure har ƙarshe.

Juriyar kuwa ba ƙarama ba ce. Jessica Bruder, wadda ita ma ta yi aikin na ɗan lokaci, ta ba da labarin mutane masu shekara 60 zuwa 70 da ke aikin awa 10 a kan daɓen siminti, wasu na takawar da ta kai kilomita 24 a yini suna ɗauko kaya, da na'ura a hannu tana ƙirga saurinsu, ga kuma akwatunan maganin ciwon jiki kyauta a jikin bango. Duk da haka da yawa sun riƙa komawa kowace shekara, domin kuɗin watanni ukun nan ne ke riƙe su har ƙarshen hunturu.

A ƙarshen 2022 Amazon ya rufe shirin. Wannan ya nuna raunin da ke tattare da rayuwar baki ɗaya, wato jadawalin shekara a hannun masu ba da aiki yake, kuma suna iya soke wani ɓangarensa ba tare da shawartar kowa ba.

Ciniki da sana'ar hannu

Waɗanda ba su son aikin sito sukan koma ga cinikin lokaci-lokaci. A watan Oktoba ana sayar da kabewa domin bikin Halloween, daga ƙarshen Nuwamba sai itatuwan Kirsimeti, a ƙarshen Yuni kuma kayan wasan wuta na bikin samun 'yancin kai na 4 ga Yuli. Mai kaya kan kafa rumfa a bakin titi, ya nemi miji da mata masu motar kwana su zauna a wurin, su ne 'yan tireda da rana, su ne masu gadi da dare, a biya su da la'ada ko da jimillar kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai.

A filayen haƙar mai na kudancin Teksas kuma akwai aikin tsaron ƙofa, inda ake ajiye mota a bakin hanyar shiga rijiya ana rubuta duk motar da ta shiga ko ta fita. Da yake ba a rufe ƙofar ko da daƙiƙa ɗaya, galibi mutum biyu ake ba wa, ɗaya na barci ɗaya na aiki.

Idan hunturu ya kankama sai a gangara kudu, kuma a nan ne Quartzsite ke zama kasuwa. Garin ya yi suna da baje kolin duwatsu masu daraja, amma ana sayar da komai, daga tsofaffin kayan gida zuwa kayan gyaran mota. Mai sana'ar hannu a nan yake cin kasuwarsa: bakanike, da mai haɗa faifan sola da batir, da mai walda, da mai aski, da mai ɗinki, duk abokan cinikinsu maƙwabtansu ne na zango. A babban baje kolin motocin kwana da ake yi a watan Janairu kuma masu neman ma'aikata kan kafa teburansu, a nan mutane da yawa ke ƙulla aikin da za su yi a watannin zafi.

A yankin ne kuma ake wani taron shekara-shekara da wani dattijo mai suna Bob Wells ya assasa a farkon shekarun 2010. Shi kansa a 1995 ya fara kwana a mota a birnin Anchorage na jihar Alaska, bayan mutuwar aurensa, lokacin da albashinsa na ma'aikacin kanti ya kasa ɗaukar nauyin gida biyu. A taron ana koya wa sababbin shiga yadda ake neman aiki, da tattalin ruwa da wuta, da yadda ake kwana a cikin gari ba tare da an jawo hankalin 'yan sanda ba.

Waɗanda suka fi kowa samun sauƙi su ne masu takardar ƙwarewa. Ma'aikatan jinya na tafi-da-gidanka kan karɓi kwangilar mako 13 a asibitin da ke da ƙarancin ma'aikata, su gama su wuce wani, kuma albashinsu ya yi tashin gwauron zabo a lokacin annobar korona kafin ya sauko daga baya. Haka nan masu walda da masu haɗa wutar lantarki da ke bin manyan ayyukan gini. Direbobin tirela masu dogon zango su ma a ɗan ɗakin da ke bayan kujerarsu suke kwana makonni, ana biyan akasarinsu a kan nisan tafiya, doka kuma ta hana su tuƙin da ya wuce awa 11 ba tare da hutun awa 10 ba.

Masu aiki ta intanet

Annobar korona ta 2020 ta shigo da wani sabon rukuni, wato ma'aikatan ofis da aka ce su yi aiki daga gida, suka ga cewa gidan na iya zama ko'ina. Kamfanin MBO Partners, wanda ke bin diddigin lamarin duk shekara, ya ce Amurkawan da ke aiki ta intanet suna yawo sun tashi daga miliyan 7.3 a 2019 zuwa miliyan 18.1 a 2024, ko da yake wannan adadi ya haɗa da masu kama haya ko otal a garuruwa da ƙasashe daban-daban. A 2021 kamfanoni sun fitar da motocin kwana sama da dubu 600, adadin da ba a taɓa kaiwa ba.

Ayyukan sun haɗa da rubuta manhajar kwamfuta, da lissafin kuɗi, da fassara, da koyarwa, da amsa kiran abokan cinikin kamfanoni. Jarin wannan rukuni abu biyu ne, wato wutar lantarki da layin sadarwa. Faifan sola da batir sun magance na farko, na biyu kuma ya samu sauƙi daga watan Mayun 2022, lokacin da Starlink ya fara sayar wa masu motocin kwana intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ke aiki har a dajin da babu layin waya.

Sai dai wannan ƙofa ma ta fara tsukewa. Daga 2023 manyan kamfanoni da dama sun umarci ma'aikata su koma ofis, a watan Janairun 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ba nata ma'aikatan irin wannan umarni.

Akwai kuma masu ɗaukar rayuwar tasu a bidiyo suna sakawa a YouTube da Instagram, waɗanda su ne fuskar da duniya ta fi sani. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙa'idar da YouTube ya kafa a 2018 ita ce, sai mutum ya tara mabiya 1,000 kuma an kalli bidiyonsa na awa 4,000 cikin shekara kafin ya fara samun rabon kuɗin talla, kuma tsallake wannan mataki ba ya nufin kuɗin zai isa cefane. Ƙalilan da suka yi fice sukan haɗa da tallar kayan kamfanoni da sayar da darussa ga masu sha'awar shiga rayuwar.

Adireshi da wurin kwana

Ko mutum ya samu aiki, akwai matsalar da ke gabansa, domin a Amurka sai da adireshi ake samun lasin tuƙi da rajistar mota da inshora da asusun banki. Mafita ita ce kamfanonin da ke ba mutum adireshi, su karɓi wasiƙunsa su aika masa duk inda yake. Jihohi uku aka fi zaɓa, wato Teksas da Filorida da Dakota ta Kudu, saboda ba sa karɓar harajin albashi. Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana da irin wannan ofishi a garin Livingston na Teksas, inda dubban mutanen da ba sa zaune a garin ke da adireshi. Amma wanda ya yi aiki a jihohi uku cikin shekara yana iya samun kansa da takardun haraji na kowace daga cikinsu.

Wurin kwana kyauta kuwa ya fi samuwa a yammacin ƙasar, inda hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ke riƙe da ƙasar da faɗinta ya ɗara na Najeriya. A akasarin filayen an yarda mutum ya zauna kwana 14 ba tare da biyan komai ba, daga nan sai ya matsa gaba. A kusa da Quartzsite an keɓe wuraren dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, inda aka shafe shekaru ana biyan dala 180 na watanni bakwai, kafin hukumar ta gabatar da shawarar ƙarin kuɗin a 2024.

Matsalar ita ce, inda ake kwana kyauta babu aiki, inda aikin yake kuma, wato birane, ba a maraba da masu kwana a mota. Wasu kantunan Walmart kan bari a kwana a harabarsu idan manaja ya amince, amma dokokin ƙananan hukumomi sun hana hakan a wurare da yawa. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar birnin Los Angeles da ta haramta zama a mota. Shekara goma bayan haka, ranar 28 ga Yunin 2024, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa birane na da ikon hukunta masu kwana a wuraren jama'a.

Ya kamata a sani kuma cewa duk waɗannan ayyuka na 'yan ƙasa ne da masu izinin aiki. Baƙon da ya shiga Amurka da bizar ziyara doka ba ta ba shi damar yin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar da mota ta tsaya

Da yawa daga cikin mazauna mota ba sa yarda a kira su marasa galihu. Suna ganin sun zaɓi 'yanci ne, sun kuma kuɓuta daga bashi, kuma akwai zumunci mai ƙarfi a tsakaninsu. Sai dai a lissafin gwamnati, wanda ke kwana a ƙaramar mota yana cikin marasa muhalli, waɗanda ƙidayar watan Janairun 2024 ta nuna sun haura dubu 770, ƙarin kashi 18 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata.

Abin da ke raba mai zaɓi da mai larura galibi shi ne ko yana da ajiyar da za ta gyara mota. Inji ko giya idan ya lalace gyaransa na cin dubban daloli, kuma ranar da mota ta shiga gareji, mai ita ya rasa abin hawa da ɗakin kwana da hanyar zuwa aiki a lokaci guda. Wannan ne ya sa a 2018 Bob Wells da abokan aikinsa suka kafa wata gidauniya mai suna Homes On Wheels Alliance, wadda ke tallafa wa waɗanda suka shiga irin wannan hali.

Lafiya ma haka take. Inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi sai a shekara 65 take farawa, ta masu ƙaramin ƙarfi kuma kowace jiha da tata, ba ta cika bin mutum idan ya tsallaka iyaka ba. Shi ya sa a lokacin hunturu da yawa kan gangara daga Quartzsite zuwa garin Los Algodones da ke tsallaken iyakar Meziko, inda gyaran haƙori da tabarau da magunguna suka fi araha nesa ba kusa ba.

Akasarin ayyukan da ke riƙe wannan rayuwa, daga wankin banɗakin zango zuwa tsayuwar awa 12 a filin bit, na mai sauran ƙarfi ne, alhali masu yin su da yawa sun haura shekara 60. A garin Livingston, ƙungiyar Escapees ta buɗe wata cibiya tun a shekarun 1990 domin mambobinta da tsufa ko ciwo ya hana tuƙi, inda suke ci gaba da kwana a cikin motocinsu, ana ba su abinci ana kai su asibiti. Cibiyar dai ba ta ɗaukar fiye da mutum 'yan gomiya a lokaci guda.